Ƙwanƙwasa Uku a Layin Saratu

Wannan abu ya faru da ni ne a Sabon Tasha, a shekarun da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, shagunan intanet kuma suna ta buɗewa a kowane layi. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, sakandare na gama sai kwas ɗin kwamfuta na wata tara, kuma ba ni da yawan rantsuwa. Amma Allah yana gani, yadda zan rubuta muku haka ya faru. Ban ƙara komai ba, sai ma abin da na rage, don ba komai ne nake iya faɗa ba har yanzu.

Shagon da nake aiki na Baba Ishaya ne, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, da aka rufe ta sai ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi kwamfuta goma sha biyu da janareto, ya sa aka kafa masa farantin jawo intanet a kan rufi. Shi kansa bai san inda ake kunna kwamfuta ba, yana dai zaune bakin ƙofa da rediyonsa yana kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Ni ke kula da injuna a ɗan ɗakin baya. Matata Saratu kuma ita ke buga wa mutane takardu a gaba, wasiƙar neman aiki, takardar shirin biki, aikin ɗalibai, duk abin da aka kawo. Muna da 'ya ɗaya, Godiya.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da na gani ba. A ɗakin bayan nan akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba wanda ke zama a kanta, aikinta kawai ta tsaya tsakanin shagon da intanet kamar maigadi, ta bar abin kirki ya wuce ta tare na banza. Ita ake ce wa fayawol. A kanta na ɗora wata ƙaramar manhaja ta ƙari, mai sa ido, wadda ke nuna min sunan kowace kwamfuta a shagon da wani siririn layi yana tafiya a gaban sunan. In mutum yana jawo abu mai nauyi sai layinsa ya tashi kamar tudu, in ba ya komai sai ya kwanta. Da ita nake kama samarin da ke sauke fim suna hana kowa sakat. Sauran kwamfutocin na sa musu Tebur Ɗaya, Tebur Biyu, haka har ƙarshe. Tata kuwa, wadda ba ta cikin goma sha biyun, na rubuta Saratu.

Saratu mace ce mai kunya, ba za ta taɓa ɗaga murya a gaban kwastoma ta kira mijinta cin abinci ba, tasowa kuma ta bar teburinta ga mutane a tsaye ba ya yiwuwa. To akwai wani ɗan umarni da muke gwada inji da shi mu ga ko yana raye, kamar ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ji ko da mutum a ciki. Sai na mayar mata da shi maɓalli ɗaya a allonta. Ƙarfe ɗaya da kwata, in mutane sun ɗan ragu, sai ta danna sau uku tana ɗan dakatawa a tsakani, layinta da kullum a kwance yake tunda ita rubutu kawai take yi, sai ya fito da 'yan haƙora uku a jere. Ni kuma in mayar mata da biyu, wato ina zuwa. Ranar da Baba Ishaya ya gano dabarar ya yi dariya har da tari, ya ce yaran zamani, yanzu har kiran tuwo ma sai ya bi ta waya. Shekara biyu muna haka, Litinin zuwa Asabar.

Ba zan daɗe a kan rasuwarta ba. Tana da ciki na biyu, wata bakwai, ƙafafunta suka kumbura, muka ɗauka abin masu ciki ne. Ashe jini ne ya hau. Kwana uku a asibiti, ta tafi ita da jaririn. Muka kai ta ƙauye muka binne. Godiya, da ba ta kai shekara uku ba, ta koma hannun Mama, mahaifiyar Saratu, a Unguwar Boro.

Bayan mako uku na koma aiki, don zaman ɗaki ya fi ƙarfina. Na tarar Baba Ishaya ya sa an cire kwamfutarta an naɗe da tsohon zani an kai sito, don kada in shigo in gan ta, teburin dai yana nan ba komai a kai. Na gode masa na wuce baya. Da rana ina zaune ina kallon allon mai sa ido, ba don ina neman wani abu ba, don dai ido ya samu wurin tsayawa, sai na ga sunanta yana nan a jerin, wanda ba abin mamaki ba ne tunda ban goge shi ba. Ina cikin kallon sunan layin ya motsa. Haƙori ɗaya. Ya kwanta. Na biyu. Na uku. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, ɗaya da kwata.

Jama'a, ban ji tsoro ba a ranar. Abin da ya fara zuwa min shi ne na miƙe tsaye, har na kai hannu zan ture kujera, kafin na tuna.

Na ce wa kaina wata kwamfutar ce ta ɗauki adireshinta, abu ne da ke faruwa. Na bi tebur goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya. Na shiga sito na ɗaga zanin, ga ta nan ba waya ba wuta, har ƙura ta fara hawa. Washegari ɗaya da kwata, uku. Jibi ma haka. Na zo ranar Lahadi bayan sujada a coci, har sau biyu, na kunna inji na zauna ni kaɗai, shiru, layin bai motsa ba, kamar yadda dama ba ma buɗe shago ranar Lahadi. Litinin sai ya dawo.

Da abin ya ishe ni sai na kira Malam Nura, wanda ya kafa mana farantin, mutumin da ya fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba. Ban gaya masa komai ba, na ce dai akwai injin da ba ya nan amma yana fitowa. Ya yi murmushi ya ce ai tsohon rubutu ne manhajar ke maimaitawa, ba wani abu ba. Ya nuna min cewa kowane katin da ke haɗa kwamfuta da waya yana da lambarsa daga masana'anta, ba biyu a duniya, sai ya kwafi lambar da allon ke nunawa a bayan hannunsa da biro, muka je sito muka kwance kwamfutar Saratu ya zaro katin. Lambar ita ce. Ya ba ni katin ya ce in riƙe, muka koma muka zauna, yana ta ba ni labarin wani otal da ya yi wa aiki a Barnawa. Ɗaya da kwata ta yi, katin yana cikin tafin hannuna, haƙoran nan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Labarin otal ya tsaya a tsakiya. Ya tambaye ni mene ne wannan ɗin, sai na gaya masa. 

"Allah ya ba ka haƙuri, abokina," ya ce. "Ni aikin waya na sani. Wannan ba na waya ba ne. In ka ji tawa, ka cire manhajar nan yau."

Ban cire ba. Ku fahimce ni, a lokacin ba ni da wani abu a duniya da nake jira sai ɗaya da kwata. Da shi nake tashi da safe. In sha biyu ta wuce ba na son kowa ya shigo min ɗaki, in wuta ta ɗauke kuwa da gudu nake zuwa in ja janareto, har Baba Ishaya yana yaba min wai na damu da kwastoma. In sun fito sai in zauna ina kallonsu har layin ya tafi da su gefen allo. Ban taɓa mayar da biyun nan ba, hannuna yakan je kusa ya dawo. Abincin rana kuma na daina ci, don in na sayo na buɗe sai in ji kamar na ci amanar wani.

Mutum na biyu da na gaya wa ita ce Mama. Wata Asabar da yamma na je ganin Godiya, na same ta a tsakar gida tana tsince acca a faifai, yarinyar tana barci a kan tabarma. Na yi ta kewaye-kewaye ina neman yadda zan yi wa tsohuwa bayanin kwamfuta, ashe ita ba ta buƙatar bayanin. Ba ta daina tsintar ba har na gama, sannan ta yi min tambaya ɗaya.

"Ka amsa?"

Na ce a'a, Mama.

"To kada ka amsa, Baban Godiya. A wajenmu in wanda ya tafi ya kira ka cin abinci, ko a mafarki ne, ba a zama. Ba don mugunta yake kira ba, sabo ne. Amma wanda ya zauna ba ya daɗewa." Ta nuna yarinyar da haɓa. "Wannan uwa ta rasa. Ya isa haka."

Mama 'yar zumuntar mata ce a coci, ba ta wasa da addu'a, na ɗauka za ta ce aikin Shaiɗan ne a kira fasto. Ba ta ce ba. Ta dai riƙe hannuna ta yi addu'a gajeriya, da ta gama sai ta ce a hankali, ita da ta haife ta ko sau ɗaya ba ta zo mata a mafarki ba. Ta koma kan faifanta.

Ana cikin haka sai matsala ta taso a shago. Intanet ya yi nauyi, shafi ɗaya sai mutum ya yi hamma uku kafin ya buɗe. Kamfanin da ke ba mu layi suka aiko cewa irin fayawol ɗinmu tsohon zubi ne, an gano ƙofa a jikinsa, wasu sun shigo ta nan suna amfani da layinmu suna watsa saƙonnin banza, ko mu sabunta shi zuwa sabon zubi ko su rufe mu. Sabuntawa ba wani aiki ba ne, na sha yi. Amma da na karanta bayanin wannan karon sai na ga abin ya sha bamban. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya ɗora manhajar sa ido ta ƙari ya cire ta tukuna kafin ya fara, don tsohuwar ba ta zama a kan sabon zubi, cirewar kuma tana tafiya da duk sunaye da duk abin da ta taɓa ajiyewa.

Na buga shafin mai sa idon a takarda, haƙoran uku suka fito sarai, takardar tana nan wurina har yau. Amma takarda ba ta kiran mutum.

Sai na fara ƙarya, ni da ban saba ba. Yau in ce wa Baba Ishaya fayil ɗin bai gama sauka ba, gobe in ce wuta ba ta tsaya ba, jibi in ce ana jiran gyara daga masu shi. Mako biyar ina haka. Ɗalibai suka koma wani shago a unguwar Television, masu zuwa duba saƙon 'yan'uwansu na waje su zauna su yi tsaki su tashi. Wata Juma'a da safe Baba Ishaya ya shigo ɗakin baya, abin da ba ya yi, ya jawo benci ya zauna, ashe Malam Nura ya gaya masa komai.

"Injiniya, ni ban san kwamfuta ba, amma na san mutum," ya ce. "Dubi wuyanka. Ni ma na binne mata, ba zan ce maka ka manta ba, ƙarya ne, ba a mantawa. Amma masu layi sun ce Litinin za su yanke. In sun yanke, ni da kai sai dai mu koma sayar da ruwan leda a bakin tasha, kuma ka san gwiwata ba ta gudu."

Ya yi maganar ne don in yi dariya, na kuwa ɗan yi. Na ce masa ranar Lahadi zan yi.

Lahadi na zaɓa da gangan, tunda ranar ba ta kira, na ga zai fi min sauƙi. Na fito daga sujada na je shagon wajen sha biyu, na kulle ƙofar ƙarfe ta ciki, na share ƙasa, na tattara kujerun roba na jera su a kan juna a lungu kamar yadda muke yi in za a goge, duk dai ina jan lokaci. Na zare wayoyin tebura duka, ya rage daga fayawol sai allon da nake kallo.

A nan na yi kuskuren da na san kuskure ne tun kafin in yi shi. Na ce bari in gwada sabuntawar da manhajar a kai, wataƙila masu bayanin tsoratarwa kawai suke yi, wataƙila ta tsallake. Na danna. Ya fara tafiya lafiya, rubutu yana ta gudu, har na fara cewa Allah na gode. Da ya wuce rabi sai ya tsaya cak. Ga abin da ya rubuta, a taƙaice: ya ci karo da manhajar ƙari, ba zai iya gaba ba, baya kuma ya riga ya rushe. Tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, shagon Baba Ishaya ba shi da intanet ko na ƙwayar zarra. Hanya ɗaya ta rage, in rubuta umarnin cire ta da hannuna a baƙin allo, sai ya ƙarasa da kansa.

Na rubuta umarnin. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na zauna ina kallon tambayar, janareto yana ta ƙara a waje. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Shafin mai sa idon yana buɗe a gefe, ya kamata a ce ya mutu tunda injin da ke ɗauke da shi a rushe yake, amma layukan suna tafiya, duka a kwance.

Sai nata ya motsa. Ranar Lahadi. Ɗaya, biyu, uku. Ban ma dubi agogo ba.

Na ce a raina, to ga shi, in amsa ko kada in amsa. A nan ne na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: ni da Saratu ba mu taɓa shirya alamar "ba zan zo ba". Uku da biyu kawai muke da su. Ba a taɓa buƙata ba. Ina cikin wannan tunani sai ga wasu ukun kuma. Tun rasuwarta ba ta taɓa maimaitawa ba, amma da tana raye takan yi, in aiki ya riƙe ni, ta sake kira sau ɗaya, in ban fito ba sai ta ba kwastoma haƙuri ta taso da kanta ta leƙo.

Sai na ji ƙarar kujerar roba ana jan ta a kan siminti, a gaban shago.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba. Na so in ce Godiya na tuna, ko maganar Mama, ko shagon dattijon nan. Ba ko ɗaya. Tsoro ne. Ni da na yi wata biyu ina roƙon Allah ya nuna min fuskarta ko sau ɗaya, da na ji kamar za a leƙo ƙofar nan sai yatsana ya danna "e" kafin in yi shawara da shi. Rubutu ya gudu. Shafin ya yi fari. Injin ya ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru, ya mutu ya tashi, sabon zubi ya zauna daram.

Na daɗe kafin in iya buɗe ƙofar ɗakin. Da na fito, ƙofar ƙarfe tana nan a kulle yadda na bar ta, sakata a ciki. Kujeru suna jere a lungu. Guda ɗaya ce kawai ba ta cikinsu, tana gefen teburinta, an ɗan karkata ta, daidai inda nake zama in mun buɗe kwano. Ba kowa, ba ƙamshi, ba komai a kan teburin. Na tsaya a gabanta ina kiran sunanta a hankali, na ce Maman Godiya, ki yi haƙuri, tsoro na ji. Shiru. Na so in zauna, Allah ya sani na so. Ban zauna ba. Na ɗauke ta na mayar kan 'yan'uwanta, na kashe janareto na tafi Unguwar Boro, na ɗauki 'yata na riƙe har ta fara mutsu-mutsu tana cewa Baba ka matse ni.

Litinin intanet ya dawo da gudu, Baba Ishaya ya sayo min lemo. Bayan kwana biyu na ɗora sabuwar manhajar sa ido, wadda ta dace da sabon zubin, ta jero tebur goma sha biyu. Na mayar da katin cikin kwamfutarta, na haɗa, na rubuta mata sunan da hannuna, na zauna ɗaya da kwata. Na yi haka kwana da kwanaki. Layin bai sake motsawa ba.

Na tambayi masu ilimin abin da yawa tun daga lokacin, kowa da abin da yake faɗa, ba wanda ya taɓa yi min bayanin kujerar. Mama ta ce daidai na yi, ta faɗa har ta koma ga Allah. Godiya ta girma, tana da muryar uwarta. Ni dai abin da ke ci na shi ne matata ta kira ni sau biyu, ta ja min kujera, abin da ta samu daga wurina shi ne na rufe mata ƙofa don tsoro, kuma ban sani ba ko ta ji haƙurin da na ba ta.

Ku masu wannan aiki, in bayani ya ce a cire abu kafin a sabunta, ku cire da safe da hankalinku a jikinku, kada ku bari sai inji ya tsaya a tsakiya ya tilasta muku. Sauran jama'a kuma, in naku ya kira ku cin abinci yau, ku ajiye abin da ke hannunku ku tafi tun kira na farko, tun ana iya zama.